Daga Kano Zuwa Jidda: Tafiyar Shekara Bakwai Da Ta Koma Awa Biyar

Mai karatu, kafin mu shiga tarihi bari in fara da wata tambaya da mahaifiyata ta yi mini muna tsakanin sama da ƙasa, wadda har yau ban gama ba ta amsa ba.

A aikin Hajjin 2010 ne Allah ya nufa na raka ta. Kwana uku muka yi a sansanin alhazai muna jiran jirgi, kullum a ce mana yau ne, kullum mu sake shimfiɗa tabarma. Da dai aka kira rukuninmu muka shiga, jirgi ya ɗaga daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, sai wata murya ta sanar cewa in Allah ya yarda za mu sauka Jidda bayan awa huɗu da minti arba'in. Inna ta taɓo ni ta ce, "Me ya ce?" Na faɗa mata. Ta yi shiru tana jan carbi, can sai ta ce, "Kai wannan, ka dai ji da kyau? Hanyar da Kawu ya yi shekara bakwai a kanta?"

Wannan Kawu nata wan kakata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya bar gida a farkon sarautar Sarkin Kano Abdullahi Bayero, shi da matarsa da ɗansu na goye da jaki guda, ya ce ya tafi Gabas. Mu dai mun tashi mun tarar da labarinsa a gidanmu kamar tatsuniya. Tun daga ranar da Inna ta yi mini waccan tambaya na shiga bin diddigin wannan hanya, ina so in gane yadda aka yi shekara bakwai ta koma ƙasa da awa biyar, da abin da muka samu da wanda muka rasa a tsakani.

LISSAFIN NISA

Idan aka ja zare a miƙe daga filin jirgin Kano zuwa filin jirgin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, nisan bai wuce kilomita 3,400 da 'yan kai ba. Zaren zai bi ta arewacin Tafkin Chadi, ya ratsa hamadar arewacin ƙasar Chadi, ya ƙetare Kogin Nilu daura da garin Dongola a Sudan, sannan ya faɗa Bahar Maliya. Babban jirgin fasinja na zamani yana cin kimanin kilomita 850 a awa guda idan ya daidaita a sama. Ka ga ke nan awa huɗu ce cif. Sai a ƙara lokacin hawa da na sauka, da 'yar karkatar da jirgi ke yi domin bin layukan da masu kula da sararin samaniya suka shata masa, da kuma iska, wadda wani lokaci takan tura shi ta baya, wani lokaci ta tare shi ta gaba. Wannan ne ya sa akan ce awa huɗu da rabi zuwa biyar idan hanya a buɗe take.

Akwai kuma wani ruɗani da ke kama sababbin matafiya. Agogon Saudiyya yana gaban namu da awa 2. Wanda ya tashi Kano ƙarfe goma na dare zai sauka ya tarar agogon Jidda ya kusa buga biyar na asuba, sai ya ɗauka awa bakwai ya yi a sama. A dawowa kuma sai ya ga kamar ko awa uku bai cika ba. Na taɓa jin wani dattijo yana rantsuwa cewa hanyar dawowa ta fi kusa domin gangare ce. Ban yi masa gardama ba.

To yanzu mu juya lissafin. Mutumin da ke tafiya a ƙasa da iyali da kaya, idan ya ci kilomita 25 a yini ya yi ƙoƙari. Abin da jirgi ke shafewa cikin minti biyu ke nan. Idan aka raba 3,400 da 25 za a samu kwana 136, wato wata huɗu da rabi. Ko da an ƙara kwane-kwanen hanya da hutu da jiran damina ta wuce, shekara guda ta isa mutum ya kai bakin Bahar Maliya. To me ya sa Kawu ya yi bakwai? Me ya sa wasu suka yi goma, wasu ashirin, wasu ma har abada? A nan ne na gane cewa ba ƙafa kaɗai ke auna tafiya ba. Aljihu yana aunawa, zaman lafiya yana aunawa, masu mulkin ƙasashen da ke kan hanya su ma suna aunawa.

TSOHUWAR HANYA

A zamanin da can sosai manyan mahajjatan ƙasashenmu ba ta Sudan suke bi ba. Hamada suke ratsawa su ɓulla Masar, su shiga ayarin Alƙahira. Ta nan Mansa Musa na Mali ya bi a 1324, ta nan Askiya Muhammadu na Songhai ya bi wajen 1496. Sarakunan Kanem har makaranta da masauki suka tanada a Alƙahira domin mutanensu tun ƙarni na 13. Wannan hanya ta masu hali ce, domin hamada ba ta karɓar talaka. Sai kana da raƙuma da salkunan ruwa da kuɗin biyan jagora, kuma babu gonar da za ka tsaya ka yi ƙodago a tsakiyar rairayi.

Hanyar Gabas, wadda ta bi ta Barno da Bagirmi da Wadai da Darfur da Kurdufan har zuwa Nilu, ita ce hanyar talaka. Ƙasa ce ta gero da dawa irin tamu, akwai garuruwa, akwai kasuwanni, akwai rijiyoyi. Mutum zai iya tafiya da rani, damina ta faɗi ya tsaya ya yi noma, kaka ta yi ya sayar ya ƙara gaba. Malami ya buɗe makarantar allo ya yi rubutun sha, wanzami ya yi aski da ƙaho, mahauci ya kafa tukuba, mace ta soya ƙosai ko ta yi kitso. Tafiyar ita ke ciyar da kanta. Abin da Bahaushe ke nufi ke nan da ya ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Abin da ya ƙara cika wannan hanya da mutane shi ne zuwan Turawa. A 1903, bayan faɗuwar Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya ɗaura niyyar hijira zuwa Gabas, jama'a masu ɗimbin yawa suka bar gonakinsu suka bi shi. Turawa suka cim masa a Burmi, ya yi shahada a can cikin watan Yuli na wannan shekara. Waɗanda suka tsira suka ci gaba, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja su har bakin Shuɗin Nilu, inda suka kafa garin da har yau ake kira Mai Wurno, kusa da Sinnar. Daga nan hanyar ta zama tana da masauki na 'yan gida. Wanda ya taso daga Kano ko Katsina ko Damagaram ya san zai tarar da masu jin harshensa a Fotlami, wato Injamena ta yau, da Abeshe da Janaina da Fashir da Ubayyid da Umdurman.

Sai kuma auduga. A 1925 Ingilishi suka kammala madatsar ruwa ta Sinnar suka buɗe gonakin Jazira, tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, suna neman hannuwan da za su tsinke musu auduga. Mahajjatanmu suka zama waɗannan hannuwa. Mutum zai ce bari in yi kaka ɗaya in tara kuɗin jirgin ƙasa da na ƙetare ruwa. Kaka ta zo, bashin da ya ci da rani ya cinye abin da ya samu. Sai ya ce baɗi. Baɗi ta zo an yi haihuwa, ko an yi rashi, ko ciwo ya kwantar da mai gida. A haka shekaru ke tafiya. Wani masani ɗan ƙasar Gana, Bawa Yamba, ya zauna da irin waɗannan mutane ya rubuta littafi a kansu a 1995, inda ya nuna cewa har jikoki da tattaɓa kunnen da aka haifa a Sudan ba su daina kiran kansu matafiya masu niyyar Makka ba.

Wanda ya samu ya tara kuɗin, saura ruwa. Daga gaɓar Sudan zuwa Jidda bai fi kilomita 300 ba, abin da jirgin sama ke ƙetarewa kafin ka gama ɗaura harami da kyau. Amma a wancan zamani nan ne ƙofar da ta fi ƙunci. Hukuma ta ce sai ta Sawakin za a bi, a killace mutum, a yi masa allura, ya nuna takarda da kuɗin zuwa da dawowa. Wanda ba shi da su sai ya bi dare ya shiga ƙananan jiragen katako masu tafiya da iska, a sauke shi a wani gefen gaɓa da babu kowa. Wasu sun nutse, wasu ƙishirwa ta kashe su a bakin teku, wasu kuma an raba su da 'ya'yansu an sayar, domin ba a haramta bauta a Saudiyya ba sai 1962.

Kawu ya bi duk wannan. Takarda ɗaya ce tak ta iso gida daga gare shi, da rubutun ajami, ta hannun wani alhaji mai dawowa. A ciki ya ce ya sauke farali a shekara ta bakwai da barinsa gida, ya dawo wani ƙauye kusa da Wad Madani, yana tara guzurin komowa. Kakata ta ajiye takardar nan a cikin kwalla har ta rasu. Guzurin bai taru ba.

JIRGI YA BI SAWUN JAKI

Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne jirgin sama na farko da ya sauka Kano ta wannan hanyar ta mahajjata ya zo, sai dai shi daga gabas ya taso. A ƙarshen watan Oktoba na 1925 wasu ƙananan jiragen sojan Ingila guda uku, ƙarƙashin wani hafsa mai suna Arthur Coningham, suka tashi daga Helwan kusa da Alƙahira, suka gangaro Hartum, suka juya yamma ta Ubayyid da Fashir da Abeshe da Fotlami, suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba. Kwana shida suka yi. Ka duba wannan daidaituwa: shekarar da aka buɗe gonakin da za su riƙe dubban mahajjata a Sudan, ita ce shekarar da aka fara nuna cewa ana iya tsallake hanyar baki ɗaya cikin mako guda.

Ba don son mahajjata suka bi nan ba. Jiragen wancan lokaci ba sa dogon zango, dole su riƙa sauka suna shan mai, kuma inda ake samun ruwa da mutane da fili nan ne zangon fatake na dā. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu tsakanin Hartum da Kano ta waɗannan garuruwa, har da Maiduguri. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, hanyar Bahar Rum ta yi wa Ingila wuya, sai suka riƙa kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yau, a haɗa su a can, a tuƙo su ta Legas da Kano da Maiduguri da Fotlami da Janaina da Fashir zuwa Hartum da Alƙahira. Dubban jirage ne suka bi ta nan daga 1940. Yaƙin nan shi ya faɗaɗa filin jirgin Kano ya mai da shi babbar mahaɗa. Ina yawan tunanin Kawu a gonar auduga yana ɗaga kai yana kallon waɗannan jirage, bai san cewa shekaranjiya suna garinsu ba.

Kafin jirgin sama ya zama na kowa, masu hali sun samo wata dabara: su yi nesa domin su yi sauri. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko a 1921 ta Legas ya bi, ya shiga jirgin ruwa zuwa Ingila, daga can ya nufi Jidda. Nisan ya ninka na hanyar ƙasa sau da yawa, amma ya je ya dawo cikin watanni. Tun a nan za ka ga cewa gajeriyar hanya daban, hanya mai sauri daban.

Bayan yaƙi sai mota ta shigo. A ƙarshen shekarun 1940 Alhaji Mahmudu Ɗantata da abokan kasuwancinsa suka kafa ƙungiyar jigilar mahajjata ta Afirka ta Yamma, wadda gajeren sunanta, WAPA, ya zama sunan unguwa a Fagge har yau, ko da yake da yawa daga masu canjin kuɗi a wurin ba su san asalin sunan ba. Manyan motoci suka riƙa kwasar mutane daga Kano zuwa Sudan, a haɗa da jirgin ƙasa zuwa bakin teku. Shekaru suka koma watanni. A shekarun 1950 kuma aka fara ɗaukar shatar jiragen sama masu farfela, waɗanda kan yada zango a hanya kafin su isa. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya yi Hajjinsa na farko a 1955, kuma daga nan gwamnatin Jihar Arewa ta sa hannu sosai a sha'anin alhazai. Ƙasashen da suka samu 'yancin kai suka tsaurara iyakokinsu, fasfo da biza da katin allura suka zama dole, tafiyar ƙafa ta zama laifi a idon hukuma.

Zuwan jirage masu injin jet irin Boeing 707, tare da kuɗin man fetur na shekarun 1970, shi ya ƙarasa aikin. Aka kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975, kuma a 1977 mahajjatan Nijeriya sun haura dubu ɗari. Tsohon filin jirgin Jidda na Kandara ya kasa ɗaukar jama'a, aka buɗe sabo a 1981, da rumfar alhazan nan mai rufi kamar tantuna 210 da duk wanda ya sauka can ya sani. Watanni suka koma awoyi.

ABIN DA SAURI YA CI

Ba zan yi butulci ba. Inna tana da ciwon gwiwa, ko kasuwar Rimi ba ta iya zuwa a ƙafa. Ba don jirgi ba da ba ta ga Ka'aba ba. Mata da tsofaffi da marasa ƙarfi da yawa sun sauke farali saboda wannan ni'ima, kuma sun dawo sun tarar da 'ya'yansu ba su manta kamanninsu ba. Duk mai yi wa tsohuwar hanya kallon sha'awa ya tuna kaburburan da ke gefenta, waɗanda ba wanda ya ƙirga.

Amma sabuwar hanyar ita ma ta karɓi nata. Ranar 22 ga Janairu 1973 wani Boeing 707 na kamfanin ƙasar Jodan, wanda aka yi shatarsa domin dawo da alhazai daga Jidda zuwa Legas, ya karkato Kano saboda rashin kyawun yanayi, ya yi hatsari wajen sauka ya kama da wuta. Mutum 176 suka rasu. Ranar 11 ga Yuli 1991 kuma wani jirgi ƙirar DC-8 ya tashi daga Jidda zai tafi Sakkwato, tayarsa da ba ta da isasshiyar iska ta fashe ta kama wuta tun a kan titin tashi, aka naɗe ta cikin cikin jirgin, ya juyo zai sauka bai kai ba. Duk mutum 261 da ke ciki suka riga mu gidan gaskiya. Akwai gidaje da yawa a ƙasar nan da har yau ba a ambaton waɗannan ranaku sai an yi shiru. Allah ya jiƙansu.

Akwai kuma wata asarar da ba a yi mata zaman makoki ba. Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take. Muddin ana bin hanyar ƙasa, kowace shekara akwai mai zuwa akwai mai dawowa, saƙo yana tafiya, goro yana tafiya, ana sanin wanda ya haihu da wanda ya rasu. Mahajjaci yakan dawo da Larabcin Shuwa da na Sudan a bakinsa, ya san ɗanɗanon kisra, ya yi karatu wajen malamai uku ko huɗu a hanya, wani ma ya dawo da mata. Kalmar Alhaji a lokacin tana nufin mutumin da ya ga duniya. Da jirgi ya zo sai muka riƙa wucewa ta saman kawunan 'yan'uwanmu cikin dare, muna barci ko muna cin abinci a faranti. Mutanen da ake kira Fallata ko Takari a Sudan, waɗanda yawansu ya kai a kira su al'umma guda, suka zama baƙi a can, mu kuma a nan muka manta da su. Har kalmar Takari ta koma abin zolaya a bakinmu, alhali asalinta sunan mutanen da suka taka ƙasa domin Allah ne.

Mu a gidanmu an yi sa'a. A ƙarshen shekarun 1970 wani maƙwabcinmu ya haɗu da wani mutum a Mina yana Hausa mai gauraye da Larabci, yana tambayar mutanen unguwarmu. Ashe ɗan goyen nan ne da Kawu ya tafi da shi, ya zama dattijo da furfura. Daga nan aka riƙa musayar takarda jefi-jefi, da wayar hannu ta zo kuma muka samu lambar jikokinsa. A daren da nake ba ka labari, allon da ke gaban jirgi ya nuna mun shiga sararin Sudan, na ce wa Inna, "Ga mu a kan ƙasar su Kawu." Ta leƙa taga, ba a ganin komai sai duhu. Ta ɗaga hannu ta yi masa addu'a. Kafin ta shafa mun yi nisan da shi zai yi kwana biyu bai yi ba.

ƘASA BA TA SAKI SAMA BA

Na daɗe ina ɗauka cewa an gama da wannan lissafi, awa huɗu da rabi ta zauna ke nan. Sai ga 15 ga Afrilu 2023, yaƙi ya ɓarke a Hartum tsakanin sojan Sudan da dakarun RSF, aka rufe sararin samaniyar ƙasar, saura 'yan makonni a fara jigilar alhazai, a shekarar da aka ba Nijeriya kujera 95,000. Jiragen da suka saba miƙewa gabas dole suka yi zagaye ta wasu ƙasashe. Tafiya ta ƙara tsawo da awoyi, mai ya ƙaru, kamfanonin jirage suka nemi ƙarin kuɗi. Kano ba ta matsa ba, Jidda ba ta matsa ba, kilomita 3,400 na nan yadda Allah ya ajiye su, amma lokaci ya miƙe. Abin da ya tsare Kawu a ƙasa, wato halin da ƙasashen tsakiya ke ciki da nauyin aljihu, shi ne ya karkatar da jirgi a sama bayan shekara kusan casa'in.

Garuruwan da na lissafa a baya a matsayin zangon mahajjata, su ne muka riƙa ji a rediyo: Janaina, Fashir, Ubayyid, Umdurman. A watan Disamba na 2023 Wad Madani ta faɗa hannun RSF, kuma sai a Janairun 2025 soja suka karɓe ta. A tsakanin nan wayar jikokin Kawu ta daina shiga. Wata biyar muna kira. Ranar da ɗaya daga cikinsu ya kira ni daga wajen Gadarif, ya ce sun fito a ƙafa, da tsofaffi da yara da abin da kai zai iya ɗauka, kwana da kwanaki suna tafiya. Na tambaye shi ko suna tunanin dawowa gida Kano. Ya yi 'yar dariya ya ce, "Ɗan'uwa, da wace takarda? Kuma gidan wa?" Ban samu abin ce masa ba. Tsakanina da shi bai fi tafiyar awa huɗu a jirgi ba, amma ban san shekara nawa ce a gare shi ba.

Saboda haka idan wani ya tambaye ni nisan Kano da Jidda, ina iya ba shi amsa ba tare da shakka ba, domin wannan ba ya canzawa. Idan kuwa ya tambaye ni tsawon lokacin tafiyar, sai in ce masa ya danganta da wane ne mai tafiyar, da abin da ke hannunsa, da kuma ko mutanen da ke ƙarƙashin hanyar sun kwana lafiya. Ga Sarki Dikko watanni ne. Ga Coningham, daga Masar zuwa Kano, kwana shida. Ga Kawu shekara bakwai zuwa, dawowa kuwa har yau ba a iso ba. Ga ni da Inna awa huɗu da minti arba'in, in ba a haɗa da kwana ukun sansani ba.

Roƙona ga marubutanmu, musamman masu ƙaga labari, shi ne su waiwayi wannan hanya. Kusan kowace tsohuwar unguwa a Kano da Katsina da Zariya da Damagaram tana da nata Kawun da ya tafi Gabas, kuma tsofaffin da suka san labarin suna ƙarewa. A tambaye su tun suna nan, a duba cikin kwalla da adaka ko akwai sauran takardun ajami. Wanda kuma Allah ya ba shi ikon tafiya, idan an sanar cewa jirgi ya shiga sararin Chadi ko ya doshi Bahar Maliya, ya daure ya buɗe ido ya yi wa na ƙasa addu'a, matattunsu da rayayyunsu.

Inna ta rasu shekara huɗu bayan dawowarmu. Takardar Kawu tana hannuna yanzu, tawadar ta fara dushewa. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da Sudan lafiya, ya kai wanda bai je ba. Sai mun haɗu a rubutu na gaba in Allah ya kai mu.